Shekarar da Malam Babba Ya Bar Jibiya

Kwanan baya jikata ta matsa mini sai na je bikin ƙarshen shekara na makarantarsu ta sakandare, wai za a ba ta kyauta a lissafi. Aka kai ni, aka zaunar da ni a kujerar roba ƙarƙashin rumfar tamfol, lasifika na ta kuwwa har ƙirjina yana amsawa. Na ji daɗi ƙwarai, don fili ne cike da 'yan mata, kowace da littafi, ana kiran sunayensu iyayensu maza na tafi ba kunya. A zamaninmu ko a mafarki ba mu ga wannan ba. Can wajen ƙarshe aka zo bankwana da malaman da za su bar makarantar. Akwai wani mai furfura da ya yi ritaya, aka miƙa masa agogon bango a naɗe cikin takarda mai ƙyalli. Bai gama godiya ba rabin jama'a sun miƙe, kowa waya a kunne. Da muka fito na hango shi a bakin titi shi kaɗai, agogon a hammata, yana tsayar da ɗan acaɓa. Ban ga laifin kowa ba, zamani ne mai gaggawa. Sai dai tun daga ranar zuciyata ta koma wani bankwana da aka yi a garin nan ina saurayi, kuma ta ƙi dawowa sai na faɗa.

Jibiya ta lokacin ba wannan ba ce da kuke gani da shingaye da manyan motoci jere har ido ya gaji. Iyaka dai akwai ta, amma ta fi zama a bakin mutane fiye da a ƙasa. Wata 'yar bukka ce a gefen hanya da ma'aikaci mai gajeren wando yana gyangyaɗi, can gaba kuma ta mutanen Faransi, wadda fatake ke kira duwan. Mutum yakan kwana a ƙasar Ingilishi, ya yi noma a ƙasar Faransi, ya dawo gida cin tuwo, ba wanda ya ce masa daga ina. Da asuba muryar ladani ce kawai, ba na'ura, amma har bakin gulbi ake jinta. Tana sauka sai luguden mata ya ɗauka daga gida zuwa gida, sai kukan jakuna a zango, sai gurnanin raƙuman da ake durƙusarwa don a ɗora musu kaya. In kaka ta yi, ƙamshin gyaɗa ne ko'ina, yara na bin gonaki suna kala, ga ƙarar motar da ke zuwa kwasar buhuna, wadda tun tana nesa gari ya san ta taho. Yanzu ƙara ta yi yawa har ba ka iya rarrabe ta. Da kuwa kowace ƙara da sunan mai ita.

Makarantarmu elementare ce, ajujuwan ƙasa a gefen gari, da wani babban gawo a tsakar fili wanda aka rataya tsohon wilin mota a jikinsa ana bugawa. Kafin a shiga aji sai an yi shara da tsintsiyar kaba, an cika randuna, an yayyafa wa daɓe ruwa, sannan a jeru a duba farce da haƙora. Akwai gonar makaranta a baya, gero da gyaɗa, kowane aji da kunyoyinsa. Shugaban makarantar kowa Malam Babba yake ce masa, har sunansa na yanka ya kusa ɓacewa. Mutumin kudancin Katsina ne, dogo, mai sanyin magana. Kafin zuwansa da dogari ake kamo yaran boko, uwa ta ɓoye ɗanta a rumbu ta ce ya tafi wurin kakarsa a ƙetare. Shi ya ce a bar dogari. Ya hau kekensa ya riƙa bin ƙauyukan Mazanya da Farfaru da Daddara, ba ya zancen makaranta ko kaɗan. Suna zai je, jana'iza zai je, ya wanke wa mai gyambo gyambonsa, ya zauna a zauren malamai a yi ta warwarar fiƙihu da shi har su manta ɗan boko ne. In an ce masa wannan hanya tana da nisa sai ya ce sannu ba ta hana zuwa. A haka mutane suka fara kawo 'ya'yansu da hannunsu.

Ni ma a hannunsa na koyi baƙi da wasali. Shi ya tura ni birni na yi karatun malanta, na dawo garinmu ina koyarwa a ƙarƙashinsa, gemu bai ko tsiro mini sosai ba. Ina da farin wando mai kari da alƙalami a aljihun gaba, ina ji kamar duniya a tafin hannuna take. Amma dattawan gari ba su ga malami ba, ɗan wane suka gani, wanda jiya-jiya suka kora daga kan mangwaronsu. Shi kansa Malam Babba bai taɓa kirana malam ba. "Kai yaro, zo nan," haka yake cewa, ko a gaban ɗalibai.

A ƙarshen wata shekara, ana cikin ɗaurin gero, labari biyu suka iso mana kusan tare. Na farko mai daɗi ne: yaranmu sun ci jarrabawar shiga Midil ta birnin Katsina, wadda a shekarun ne aka fara kiranta sakandare, fiye da yadda muka taɓa ci, kuma wanda ya fi kowa a duk gundumar ɗanmu ne. Na biyu shi ya kashe mana jiki. Idanun Malam Babba sun daɗe suna ba shi wahala, har ya kai sai ya kai littafi bakin hanci. Hukumar En'e ta amince ya huta ya koma garinsu, kuma shi da bakinsa ya ce a ba ni riƙon makarantar.

Ba a kwana biyu ba magana ta fara yawo a kasuwa da bakin masallaci. Yaron nan da ya fi kowa ɗan Madugu ne, babban bafataken garin, mai kai goro da tufafi Maraɗi ya dawo da kanwa da dabino, abokin mahaifina tun suna samari. Madugu ba mai sarauta ba ne, amma inda ya taka nan jama'a ke takawa. Aka ce ya ce ɗansa ba zai je birni ba, ya iya lissafi ya isa, zai bi ayari. Aka kuma ce sauran iyaye sun ce in Malam Babba ya hau mota, su ma za su kwashe nasu. Na tabbatar da haka ran da wani dattijo daga Farfaru ya tare ni ya ce, cikin ladabi kuwa, yaransa biyu ba za su dawo bayan hutu ba, don awaki sun yi yawa.

Na sami Malam Babba a ƙarƙashin gawo yana gyara sarƙar kekensa da lalube. Na durƙusa na gaya masa duk abin da na ji, na roƙe shi ya je ya ga Madugu, don maganarsa ce kaɗai zai ji.

Ya ce, "In na je ya yarda, don ni ya yarda. Ran da na tafi, yardar ta bi ni. Kai za ka je."

Na ce, "Malam, ai dariya zai yi mini."

Ya ce, "To, ya yi. Dariya ba ta taɓa fasa kan kowa ba. Miƙo mini wancan tsumman."

Na tarar da Madugu a zango da hantsi, ana ɗaure wa jakuna mangala, za su tashi zuwa Maraɗi. Na cire takalmi na gaishe shi, ya ce, "Ɗana, zamna." Ban zauna ba, sai na fara jawabin da na kwana ina shiryawa. Na ce mulkin kai na tafe, Turawa za su tafi, ƙasa za ta buƙaci likitoci da alƙalai da masu auna hanya, kuma wanda bai yi karatu ba za a bar shi a baya. Ya bar ni na gama tsaf, yana tauna goro. Sannan ya ce, "Can ƙetare malamin lakwal, bokonsu na Faransi, mushe suka ce mishi. Ban san mi ya sa ba sai yau, ashe kashe mutum yake da zance." Duk zangon aka kwashe da dariya. Ya ce, "Kama mani igiyar jakin ga, ka raka ni bakin iyaka."

Muka bi yashin gulbi, ƙafa na nutsewa, farin wandona ya koma ja. Wani jaki ya zube da kaya, muka taru muka tayar da shi. Sai da muka yi nisa da mutane Madugu ya sassauta murya, ya daina wasa.

Ya ce, "Ni ba makaranta na ba ɗana ba, Malam na ba amana. Mai amana zai tahi, ba sai in amshi kayana ba?"

Na ce, "Baba, yaron nan Allah Ya ba shi kai. Hasara ce a tsayar da shi."

Ya ce, "Na hi ka sanin kanshi, ni na haihe shi. Ba fatauci ne damuwata ba, ina da masu kora mani jakkai. Na ga wani yaro a Maraɗi, ɗan aminina, an kai shi lakwal mai nisa. Ya dawo shina tsaye ƙerere bisa kan ubanshi, shina yi ma uwarshi Faransanci. Uban na raye amma ya rasa ɗa. Wanga yaro shi kaɗai ya rage mani a ɗakin uwarshi, Allah Ya jiƙanta. Ka iya yi mani alkawali zai dawo nawa?"

Jawabina duk ya tsere. Na ce, "Baba, ba ni iya alkawarin abin da Allah kaɗai Ya sani. Amma ni ma can na je na dawo. Ka tambayi mahaifina."

Ya ce, "Na tambaye shi."

"Me ya ce?"

"Ya ce har yau kai ke kai ma dokinshi ciyawa kahin ka tahi aji. Ya ce aibinka guda, surutu."

Muka iso bukkar iyaka. Ya karɓi igiyarsa, ya ce in gaida gida. Na ce ranar bikin rufe makaranta fa, zai zo? Ya ce in Allah Ya maido shi. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, na juyo ni kaɗai cikin yashi.

Bikin ƙarshen shekara a lokacin ba rumfa ba kujera. Inuwar gawo ce rumfar, tabarmi da buzaye ne kujerun, sai benci guda na wakilin hakimi da liman. Amma shiri muke yi kamar na salla. Yara suka shafe ajujuwa da farar ƙasa, aka jera dammunan geron gonar makaranta da tarin gyaɗa a gaban fili don iyaye su ga ba zaman banza ake yi ba, aka baje igiyoyi da faifai da hulunan da ɗalibai suka yi da hannunsu. A wannan shekara jama'a ta fi ta kullum, don kowa ya san bankwana ne. Mutanen ƙauyuka tun da safe suke isowa, wani da zabi a rataye, wani da damin dawa a ka, wani Bafillace ya jawo rago, mata suka aiko da ƙoren fura har aka rasa inda za a ajiye. Ba wanda aka ce ya kawo. Na duba cikin taro ban ga Madugu ba, ɗansa kuwa yana zaune a layin gaba ya sunkuyar da kai.

Aka yi fareti, aka yi waƙa, ƙananan yara suka yi wasan kwaikwayo na mai ƙin zuwa asibiti, dattawa suka yi dariya har da share hawaye. Da aka zo kiran waɗanda suka yi fice, aikin da Malam Babba bai taɓa bar wa kowa ba, sai ya miƙe ya ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Malam, bismilla, kira yaranka." Na waiga ina neman malamin da yake nufi. Ni yake kallo. Shi kuwa ya bar bencin manya ya je ya zauna a tabarma cikin iyaye. Na fara kira, ana ba wannan sabulu, wancan hula, wancan littafi. Ina cikin haka na hango Madugu ya iso ta bayan fili, rawaninsa duk yashi, ko gida bai biya ba. Ya tsaya can baya ya dogara da sandarsa. Na kira ɗansa, yaron ya karɓi littafinsa, aka yi ta sa albarka, uban bai motsa ba.

Sannan liman ya yi addu'a, aka ce Malam Babba ya yi sallama da jama'a. Bai yi dogon zance ba. Ya gode, ya nemi gafarar duk wanda ya saɓa wa, ya ce ya zo garin nan baƙo da keke da akwati guda, ga shi zai tafi mota ba za ta ɗauke abin da aka ba shi ba. Ya ce ya ji ana cewa amana za ta tashi tare da shi. Daga nan ya juya wajen ɗaliban aji ɗaya ya kira autansa, wani ɗan siririn yaro da bai daɗe da fara famfara ba, wanda ya haifa da tsufa kuma kowa ya san yadda yake ji da shi. Ya kamo hannunsa, ya ratsa fili da shi, ya sa hannun a cikin nawa.

Ya ce, "Jama'a, ni zan tafi jibi da iyalina, amma ban da wannan. A gidan su Malam zai zauna, na riga na gama magana da mahaifinsa da mahaifiyarsa. A nan zai yi karatu, a hannun wanda za ku bar wa naku. Ba ni da abin da ya fi shi. In akwai wanda ya san inda ya fi nan, ya gaya mini in kai shi."

Ni kaina ban san da maganar ba, iyayena sun ɓoye mini. Hannun yaron yana cikin nawa, ɗan ƙarami, da ɗumi, ina jin yadda yake neman zamewa. Sai muryar Madugu ta taso daga baya.

"Malam, ka gama da mu." Ya matso, mutane na buɗa masa hanya. "Gani ya kori ji. In mai amana ya bar tashi amanar, ni wane ne da zan amshe tawa?" Ya dubi ɗansa ya ce, "Tashi, birni za ka. Amma ka ji da kyau, ran da ka gaishe ni a tsaye, ran nan karatu ya ƙare." Ya juyo gare ni. "Kai kuma, Malam, akwai ƙananan ƙannenshi biyu a gida suna cinye mani dabino. Bayan hutu ka aiko a tahi da su."

Dattijon nan na Farfaru yana gefe, na ji yana gaya wa na kusa da shi wai awakin nasa ma ba su kai yadda ake faɗa ba.

Ran tafiya duk gari ya fito. Motar gyaɗa ce za ta kai su Katsina, aka ɗora kaya da zabi da rago a kan buhuna. Ɗalibai da iyaye da fatake da masu tallan fura, duk aka bi motar a ƙasa tana tafiya a hankali har bayan gari, direba bai yi ƙorafi ba. Da ta ƙara wuta autan ya fizge ya bi ta da gudu yana kiran babansa, har ya faɗi. Na ɗauke shi na saɓa a kafaɗa, yana dukan bayana da hannu biyu. Aikina na farko a matsayin shugaban makaranta ke nan, share wa yaro majina da bakin rigata. Mahaifiyata ta karɓe shi a ƙofar gida ta ce, "Kawo mani ɗana," ta goya shi duk da ƙafafunsa na jan ƙasa.

Bayan hutu ajujuwa suka cika har muka rasa benci, wasu a ƙasa suka zauna. Ban zama Malam Babba ba, ba wanda zai zama, na yi kurakuraina, amma makarantar ba ta mutu a hannuna ba, kuma daga cikin yaran da suka zauna a ƙasan nan aka sami waɗanda suka gina sakandaren garin daga baya. Ɗan Madugu ya yi karatun aikin asibiti ya dawo yankinmu, kuma na gani da idona, da furfura a kansa, yana cire takalmi tun daga ƙofar zaure ya durƙusa gaban tsohon. Autan kuwa ya girma a gidanmu, harshensa ya koma na Jibiya sak, har in ya je hutu garinsu 'yan'uwansa na tsokanarsa.

Shekaru bayan haka na kai wa Malam Babba ziyara. Idanun sun tafi gaba ɗaya, amma ina yin sallama ya gane ni. Matarsa ce ta ba ni labari, ta ce ran da suka bar Jibiya ya ji kukan yaron sarai, ya ƙi waiwayawa, hawaye kawai ke bin gemunsa har Katsina. Ta ce ita kanta ta yi wata guda ba ta yi masa magana mai daɗi ba. Da muka keɓe na tambaye shi abin da ya daɗe yana cina. Na ce, "Malam, ba ka ji tsoro ba? Ni fa lokacin ko kaina ban gama riƙewa ba."

Ya yi murmushi, ya lalubo hannuna ya riƙe.

Ya ce, "Na ji mana, ai yaro ne kai. Amma in ban yarda in ba wanda na koyar ɗana ba, to me na yi shekarun nan duka a garinku?"